Wane irin dragon fruit ne zai jure zafin Kano?

Malam, ka tambaya wane irin dragon fruit, wato wani ɗan itace da ake ci, za ka dasa a Kano: mai farin ciki (wanda cikinsa fari ne), mai jan ciki (wanda cikinsa ja ne) ko mai ruwan ɗorawar bawo. Ni dai mai farin ciki nake ba ka shawara.

Asalin shukar daga Meziko da Amurka ta Tsakiya take, kuma ko da yake dangin kaktus ce, wato tsiron nan mai ƙaya da aka sani da jure fari, ba 'yar hamada ba ce, a daji tana hawa bishiyoyi ne cikin inuwa. Shi ya sa ranar Afrilu, idan zafi ya haura digiri 40, ke ƙona rassanta su yi fari. A Isra'ila ma, a yankin Negev, ragar inuwa suke shimfiɗa mata. Kai ma ka tanadi raga kafin bazara.

Mai farin ciki, wanda Biyetnam ta shahara da shi, yakan yi 'ya'ya shi kaɗai. Da yawa daga masu jan ciki kuwa sai an kai musu garin furen wani iri, ga shi furen dare ɗaya kacal yake buɗewa, don haka sai ka fito da tocila da ɗan burushi cikin dare.

Mai ruwan ɗorawa ya fi zaƙi, amma a tuddan Kolombiya da Ekwado ake nomansa, kuma yakan ɗauki watanni kafin ya nuna, yayin da sauran kusan wata guda bayan fure ne. Wannan na mutanen Jos ne.

Ka dasa reshe, ba iri ba, a kan tudu mai yashi, don ruwan damina idan ya kwanta saiwar ruɓewa take.