Tambaya da Amsa: Idan Kwamfuta Ta Mutu Ana Tsakiyar Tace Bidiyo

Wasiƙun wannan makon bakinsu ya zo ɗaya, duk daga masu tace bidiyo ne, kuma kusan kowa tambayarsa "me zan saya?" Kafin ka fitar da ko sisi, ka fara sanin irin mutuwar da kwamfutarka take yi, domin iri uku ce. Akwai wadda manhajar ce kawai take rufewa, Windows tana nan lafiya. Akwai wadda allo yake komawa shuɗi da rubutu. Akwai kuma wadda take ɗaukewa ɗif kamar an zare waya. Kowace da inda ake neman ciwonta.

Daga Zariya: "Malam don Allah a taimaka. Ina tace bidiyon biki da Premiere Pro. Aiki yana tafiya lafiya, amma da na sa fitar da shi, bayan minti 10 ko 15 sai kwamfutar ta ɗauke ɗif. Dangin amarya sun ba ni zuwa Juma'a, kuma na riga na karɓi kuɗi."

Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, aikinka bai salwanta ba, kuma da yardar Allah za ka cika alkawari. Yanzun nan ka kwafi fayil ɗin aikin da ainihin bidiyoyin zuwa wani faifai daban, sannan mu nemi ciwon.

Ɗaukewa ɗif ba laifin Premiere ba ne. Galibi abu biyu ke kawo ta: zafi ko wuta. Lokacin fitar da bidiyo ne furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da katin hoto (mai sarrafa hoton da ke fita a allo) suke aiki iya ƙarfinsu a tare, shi ya sa ba ka ganin matsalar sai a nan. Sauke HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin kayan cikin kwamfuta, kyauta ce, ka buɗe Sensors, ka sa fitar da bidiyon kana kallon lambobin. Idan furosesa ta haura 95 tana neman 100 a ma'aunin Selsiyas, zafi ne. Kashe, zare waya, buɗe murfin gefe. Ƙurar hunturu takan toshe ramukan ƙarfen sanyaya har ta zama kamar bargo. Hure ta da abin hura iska, amma ka riƙe fankar da yatsa kada iskar ta juya ta fiye da kima. Cire ƙarfen, goge tsohon man sanyaya da ya bushe a tsakaninsa da furosesa da sipirit, ka ɗiga sabo a tsakiyar furosesa daidai girman ƙwayar masara, ka mayar ka ɗaure sukurorin kusurwa da kusurwa. Daga nan zuwa Juma'a ka bar murfin a buɗe, ka juya mata fankar tsaye, ka riƙa fitar da aiki da dare ko bayan asuba. Ɗakin kwano da rana tsaka a watan Afrilu ba wurin wannan aikin ba ne.

Idan kuwa zafin bai wuce 85 ba amma tana ɗaukewa, to wuta ce: ko akwatin wutar cikin kwamfutar ya gaza, ko abin da ke zuwa daga bango. Ɗan ƙaramin janareta da ke ɗauke da firji, duk lokacin da firjin ya tashi wutar takan yi ƙasa na ɗan lokaci, wannan kaɗai ya isa. Kada ka ruɗu da saƙon Kernel-Power 41 da za ka gani a Event Viewer, inda Windows take rubuta kurakuranta. Abin da yake faɗa kawai shi ne kwamfutar ta mutu ba bisa ƙa'ida ba, bai faɗi dalili ba.

In duk sun ƙi, ka yanka aikin gida-gida na minti 8, ka fitar ɗaya bayan ɗaya da Software Encoding, wato furosesa ce za ta matse bidiyon ba katin hoto ba, ka haɗe su daga baya. Ko kuma ka shiga File, Project Manager, ka tattara aikin gaba ɗaya a faifai guda ka kai wurin abokin sana'a ya fitar maka.

Daga Kaduna: "Ram ɗina 16GB ne, allo yana yin shuɗi. Abokina ya ce in kai shi 64GB. In saya?"

Abokin naka ya duba kwamfutar, ko daga zaune ya yanke hukunci? Ƙarancin ram nauyi yake kawowa da maƙalewa, shuɗin allo kuwa yawanci ram mai lahani ne ko direba, wato manhajar da ke haɗa Windows da kayan cikin kwamfuta. Danna Ctrl, Shift da Esc, ka duba Performance kana aiki. In amfani da ram ba ya wuce kashi 80, ba ka buƙatar ƙari. Adobe da kanta 16GB take ba da shawara ga aikin HD, 32GB ga 4K. Karanta rubutun da ke ƙasan shuɗin allon. In MEMORY_MANAGEMENT ne, sa MemTest86, manhajar gwada ram, a filasha, ka bar shi ya zagaya sau 4. Kuskure ɗaya tak ya isa hujja. Sai ka gwada sandunan ram ɗin ɗaya-ɗaya har ka kama mai laifin, ka goge haƙoransa da abin goge fensir ka sake gwadawa. In ka kunna XMP, saitin ƙara wa ram gudu, a cikin BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, kashe shi tukuna.

Daga Katsina: "Na sayi katin GTX 1050 Ti 4GB sabo fil a kwali ta intanet, a kusan rabin kuɗin na hannu. Da na ɗora bidiyo biyu ko uku sai allo ya yi zane-zane, manhajar tacewa ta DaVinci Resolve ta rufe. Direban NVIDIA ma ya ƙi hawa sai na cikin faifan da ya zo da shi."

Malam, an sayar maka da jabu. Kuma zan tsaya a kan wannan, domin ita ce cutar da ta fi cin kuɗin masu wannan sana'a.

Ga yadda ake yi. Ana ɗauko tsohon kati irin GTS 450 na shekarar 2010, mai ma'ajiyar 1GB, a sauya bayanan da ke cikinsa ya riƙa kiran kansa 1050 Ti mai 4GB, a sa masa sabuwar riga da kwali. Windows za ta yarda da sunan. Kallon fim da buɗe intanet duk za su tafi daidai. Amma da manhajar tacewa ta nemi abin da ya wuce 1GB ɗin gaskiya, sai ta rubuta a inda babu komai, allo ya wargaje. Alamomin a bayyane suke. Ainihin GTX 1050 Ti, wanda ya fito a 2016, ba shi da shuɗin ramin VGA a baya, jabun kuwa yawanci yana da shi. Buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan katin hoto: na gaske yana nuna Shaders 768, jabun yakan nuna 192, kuma manhajar takan rubuta FAKE a gaban sunan. Babu direba, babu gyaran da zai mai da shi abin da ba shi ba. In akwai hanyar mayarwa, mayar da shi yau.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne, mutum zai kashe dukiya a kan kyamara da fitilu da jirgin ɗaukar hoto, amma idan aka zo kayan cikin kwamfutar da duk aikin zai bi ta kanta, sai ya ce a ba shi mafi araha. Araha ba ta ado. Kaya sabo a kwali, a rabin kuɗin na hannu, ai farashin ma ya riga ya faɗa maka gaskiya.

Kuma ba kati kaɗai ba ne. Akwatin wuta ya fi shi haɗari, domin idan ya tashi mutuwa yakan tafi da allon uwa (babban allon da duk kayan suke haɗuwa a kansa) da faifai. Za ka ga an rubuta 650W da manyan baƙaƙe, har da tambarin 80 Plus na bogi, ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar gwangwanin da ba komai. Karanta takardar gefe, ka nemi layin +12V, ka ninka amfiyarsa da 12. In an rubuta 18A, to wat 216 ke nan, kuma daga wannan layin furosesa da katin hoto suke sha. Wannan lissafin na minti ɗaya ya fi duk rantsuwar mai shago. Sunaye irin Corsair, Seasonic da Cooler Master ma ana buga su a kan jabu, don haka suna kaɗai bai isa ba.

Sai faifan SSD da katin kyamara. Ana saita mai 64GB ya riƙa nuna 1TB. Kana zuba bidiyo yana karɓa ba musu, alhali sabon yana hawa kan tsohon ne yana shafe shi. Ranar da ka zo tacewa sai fayiloli su ƙi buɗewa, ko manhaja ta mutu duk lokacin da ta iso wurin. Ɗaurin aure kuwa ba a maimaita shi. Duk sabon faifai ko kati, kafin ya ga aikin mutane, ka bar manhajar H2testw ta cika shi ta karanta, don ka ga ainihin girmansa. Zai ɗauki awanni, ka yi haƙuri. Na hannu kuma ka duba shi da CrystalDiskInfo, ka ga awannin da ya yi yana aiki da lafiyarsa. In ta nuna ruwan ɗorawa da Caution, ajiye musu kayansu.

Ko a titin Beirut na Kano kake, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ƙa'idar ɗaya ce: ka tafi da filasharka mai ɗauke da GPU-Z, CrystalDiskInfo da FurMark, a haɗa kayan a gabanka. Katin hoto na hannu ya yi minti 20 a FurMark, manhajar da ke sa shi aiki iya ƙarfinsa, kana tsaye, musamman da yake katuna da yawa da suka sha wahalar haƙar kirifto dare da rana sun kwararo kasuwa bayan kirifton Ethereum ta daina amfani da su a Satumbar 2022. A rubuta lambar kayan a rasit, da kwanakin da za ka iya dawo da shi. Mai shagon da ya ce ba a gwadawa, ka yi masa sallama. Akwai 'yan kasuwa masu amana da yawa, kuma su ba sa tsoron gwaji.

Daga Maraɗi: "Ni mace ce, ina haɗa bidiyon girke-girke da wayata. Da na sa su a Premiere sai murya ta saɓa da hoto, wani lokaci manhajar ta rufe. Ko kwamfutata ce ta yi ƙarama? Ba ni da halin sayen wata."

Ƙanwata, kada ki sayi komai. Waya ba ta ɗaukar hoto da gudu ɗaya: yanzu firam 30 a daƙiƙa, an jima 27, gwargwadon haske da zafinta. Manhajar tacewa kuwa ta fi son gudu tsayayye. Ga shi kuma wayoyin yanzu suna matse bidiyo da HEVC, wanda warware shi yake gajiyar da tsohuwar kwamfuta. Sauke HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, kyauta ce. Sa bidiyon, a shafin Video ki zaɓi H.264, ki sa 30, ki danna Constant Framerate, ki bar RF a kan 18 ko 20. Wanda ya fito shi za ki tace. In iPhone ce, shiga Settings, Camera, Formats, ki zaɓi Most Compatible don na gaba. Sannan a Premiere ki shiga Preferences, Media Cache, ki share tsofaffin fayiloli, ki sa Auto Save kowane minti 5. Ki riƙa barin aƙalla kashi 20 na faifan C babu komai. Allah ya sa albarka a sana'ar.

Daga Jos: "Premiere ɗina wanda aka fasa ne, an sa mini a shago. Kullum yana rufewa. Wane fasasshen ne ya fi kyau?"

Babu. Ba zan taya ka zaɓen wanda ya fi a cikin kayan sata ba, kuma ba a iya gano ciwon manhajar da aka yi wa tiyata aka cusa mata abin da ba wanda ya sani. Sau da yawa da ƙwayar cuta suke zuwa, mai satar kalmomin sirri ko mai haƙar kirifto da katinka. DaVinci Resolve tana da sigar kyauta ta halal wadda take fitar da har 4K. Goge Windows ɗin gaba ɗaya, ka sa ta.

Daga Sakkwato: "An yi mini tayin kwamfutar HP Z440 ta hannu. Ta dace da tacewa?"

Inji ne mai ƙwari, an gina shi don dogon aiki, amma ka buɗe ido. Yana zuwa da akwatin wuta iri biyu, 525W da 700W. Mai 700W ne yake da wayoyin ba katin hoto wuta, don haka in kana da niyyar sa babban kati, shi za ka nema. Kada ka yarda a yi maka dabarar jawo wuta daga wayar SATA, tana narkewa. Ram ɗinsa DDR4 ECC Registered ne, ba ya haɗuwa da na kwamfutar gida. Furosesarsa ta Xeon E5 ba ta da Quick Sync, sashen warware bidiyo da ke cikin wasu furosesoshin Intel, saboda haka bidiyon waya da na ƙananan kyamarori zai dogara ne a kan katin hoto, kuma ƙaramin katin hoto na Quadro mai 2GB da ake yawan barinsa a ciki ba zai kai ka ko'ina a Resolve ba. Ka sani kuma ba ta cikin jerin da Windows 11 ta amince da su, ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Ka sa kuɗin UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke, a lissafi: mai 650VA wat 360 zuwa 390 kawai yake bayarwa, wannan injin da allonsa suna son 1500VA. In kuɗin bai kai duka ba, ka jira ya kai.

Daga Bauci: "Tun da na sabunta direban NVIDIA allo yake baƙi na daƙiƙa biyu, sai manhaja ta rufe."

Windows ce take sake tayar da katin idan ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, za ka ga lamba 4101 a Event Viewer. Cire direban da DDU, manhajar goge direban katin hoto, a Safe Mode na Windows, ka sa Studio Driver maimakon Game Ready, ko ka koma sigar da take yi maka aiki a da. Kuma daga yau kada ka sabunta direba ko manhaja kana tsakiyar aikin mutane, sai ka miƙa.