Mece ce "hypercapnia" da aka rubuta a katin Baba?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu ya daɗe yana fama da tari da haki, likitoci sun ce ciwon huhu ne mai suna COPD. Makon jiya aka kwantar da shi aka sa masa iskar oksijin. Da na ga barci ya yi masa yawa, sai na ƙara buɗe iskar da kaina. Nas ta zo ta rage ta, har ta yi mini faɗa. A katinsa kuma na ga an rubuta "hypercapnia". Mece ce ita, kuma don me za a rage wa mara lafiya iska?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ku kuma sannunku da jinya.

Kalmar daga Girkanci aka samo ta: "hyper" na nufin wuce kima, "kapnos" kuma hayaƙi. Wasu likitocin kan rubuta "hypercarbia", duk abu ɗaya ne. Jikinmu kamar murhu yake, yana ƙona abinci da oksijin, hayaƙin da ke tashi shi ne iskar kabon dayoksaid, huhu kuma ke fitar da ita duk lokacin da muka saki numfashi. A jinin mai lafiya ma'auninta tsakanin 35 ne zuwa 45 mmHg (awon matsin iska a jini). Da zarar ya haura 45, sai a rubuta abin da kika gani a katin.

Matsalar ba ta shigar iska kaɗai ba ce, ta fitarta ce. Mai COPD hanyoyin numfashinsa sun ƙuntata, sau da yawa saboda taba ko shekaru na shaƙar hayaƙin itace, don haka tsohuwar iska kan maƙale a huhu. Ƙiba mai yawa, raunin tsokar numfashi, da ƙwayoyi irin su tiramol da kodin masu sanyaya numfashi, su ma suna jawo ta.

Barcin nan da kika gani shi ne ya fi damuna. Idan iskar ta taru, jini yakan yi tsami, mutum ya tashi da ciwon kai da safe, ya riƙa gyangyaɗi da rana, magana ta fara rikicewa, hannu ya yi ɗumi yana karkarwa in an miƙe shi. Mai jinya sai ya ce alhamdulillahi, yau ya samu hutu, alhali ƙwaƙwalwa ce ke dushewa.

Nas ɗin ta yi daidai, ko da faɗan bai yi miki daɗi ba. Oksijin magani ne, yana da awo kamar allura. Idan ya yi wa mai COPD yawa, jini yakan koma bi ta sassan huhun da ba sa fitar da iska sosai, jajayen ƙwayoyin jini su saki kabon dayoksaid ɗin da suka riƙe, numfashin ma ya ɗan yi sanyi. Shi ya sa ake so 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa ta nuna oksijin jini tsakanin kashi 88 da 92 cikin ɗari ga irin su Baba. Kuma ki sani, na'urar yatsan oksijin kawai take gani. Tana iya nuna 99 alhali kabon dayoksaid ya kai 80. Sai an ɗebi jini daga jijiyar wuyan hannu, wadda ake jin bugun zuciya a cikinta, ake sanin gaskiyar ma'aunin.

Kada kuma a rikita hypercapnia da gubar hayaƙin janareta ko gawayi a ɗakin da aka rufe. Waccan kabon monoksaid ce, wata iska ce daban. Tamu ta fi kama da abin da ke kayar da masu haƙar rijiya a ƙasan rami, inda fitila kan mutu tun kafin mutum ya ankara.

Idan ma'aunin kabon dayoksaid ɗin ya ƙi sauka, akan sa masa abin rufe hanci da baki da ke haɗe da inji mai tura iska, wanda ake kira BiPAP, ya taya huhun aiki. Bayan an sallame ku, ki roƙi likitansa ya rubuta muku adadin litar oksijin da ya dace da shi, ku riƙa nuna takardar a duk asibitin da kuka je. Kada a ba shi maganin barci ba da sanin likita ba. In kuma kika tashe shi ya kasa farkawa sosai, ko ya fara sambatu, a koma asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.