Me ya sa ake sukar kwamishinan inshora a Kaliforniya?

Malam, ka ce ɗan'uwanka da ke Kaliforniya kullum kukansa tsadar inshorar gida, amma kwamishina yake zagi maimakon kamfani. Tun dokar da masu zaɓe suka amince da ita a 1988, kamfani ba ya ƙara kuɗi sai da sa hannun kwamishinan inshora na jihar. Zaɓensa kuma ake yi, don haka kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Bayan gobarar Los Angeles ta Janairun 2025, kwamishinan, Ricardo Lara, ya amince wa kamfanin inshora na State Farm ƙarin kuɗi na gaggawa na kashi 17 cikin ɗari. Mutum unguwarsu ta zama toka, maƙwabtansa suna ta zaryar neman diyya, sai ga wasiƙar ƙarin kuɗi a akwati. Dole ya harzuƙa. Ƙungiyar kare haƙƙin masu saye ta Consumer Watchdog ma ta yi wa kwamishinan ca.

Ni dai ban ɗora masa laifin duka ba. State Farm ta daina karɓar sababbin gidaje a jihar tun Mayun 2023. In ya matse kamfanonin da yawa, komatsansu za su tattara. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne amincewa da ƙarin alhali masu gidajen da suka ƙone suna ƙorafin jinkirin biya.