Amsa ga mai neman kyamararsa ta farko

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya wace kyamara ce ta dace da wanda zai fara koyon ɗaukar hoto, kuma ka ce kana shirin zaɓar wadda ta fi yawan megafiksel, wato miliyoyin ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto, a cikin waɗanda kuɗinka zai iya saya. A kan wannan shiri nake so in tsayar da kai, domin ta nan ni ma na yi tuntuɓe shekaru da dama da suka wuce.

Kyamarar da na fara saya na zaɓe ta ne saboda manyan lambobin da aka rubuta a kwalinta da kuma nisan da take iya jawowa. Da rana tsaka hotunanta ba su da laifi, amma da zarar na shiga ɗaki ko magariba ta kawo kai, sai hoton ya fito da ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa yashi, fuskoki kuma su yi dishi-dishi. Sai daga baya na gane cewa sensar da ke cikinta, wato farantin da haske ke sauka a kai, ƙarama ce ƙwarai, kuma yawan megafiksel ba ya maganin wannan. Hoton da zai cika allon 4K bai wuce megafiksel 8.3 ba, wanda za a buga da kyau a takardar A4 kuwa kusan 9 yake buƙata, alhali yawancin kyamarorin masu koyo a yau suna da 20 zuwa 24. Ka ga ke nan ta wannan fuska duk sun wadatar.

Girman sensa shi ya kamata ka fara tambaya. Babbar, wadda ake kira ful-firem, milimita 36 ce da 24. Ta APS-C kimanin 23.5 ce da 15.6, ta Micro Four Thirds kuma 17.3 da 13. A ganina APS-C ta ishi mai koyo har ya ƙware, saboda ful-firem tana zuwa da tsada da nauyi, ba a jikin kyamarar kaɗai ba har da kowane lens, wato gilashin gaban kyamara, da za ka ƙara mata, kuma kyamarar da ta yi wa mutum nauyi a gida yake barin ta.

Maganar lens ita ce inda na fi so ka natsu. Idan ka sayi kyamarar da ake sauya wa lens, ka shiga wani gida ne da zai yi wuya ka fita, domin galibi kowane kamfani da irin bakin da lens ɗinsa ke ɗaurawa, kuma jikin kyamara yana tsufa ya wuce, lens mai kyau kuwa yana nan. Wanda aka saba haɗowa da kyamara, 18-55mm, yana da amfani wajen gane irin hoton da ranka ke so, sai dai idan ka jawo shi zuwa 55mm ƙofar haskensa tana tsukewa zuwa f/5.6 (duk ƙaruwar lambar da ke bayan f, sai ƙofar ta ƙara tsukewa). Ƙaramin lens na 50mm f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wannan, yana kuma dusar da abin da ke bayan mutum ya fito da fuskarsa fes. Ranar da na ɗaura irinsa a tsohuwar kyamara, hotunana suka sauya fiye da yadda sabuwar kyamara ta taɓa sauya su. Saboda haka kada ka zuba duk kuɗinka a jikin kyamara, ka rage na lens, da batir na biyu, da katin ajiya mai sauri.

Tsakanin DSLR, wato kyamarar da ke da madubi a cikinta, da marar madubi kuwa, kamfanoni sun karkata ga marar madubi, musamman tun 2018 da Canon da Nikon suka fito da sababbin tsarinsu na RF da Z. Marar madubi tana nuna maka hasken hoton kafin ka danna, wanda babban taimako ne ga mai koyo, amma tana shan batir. Nikon D3500, wadda DSLR ce, an ƙiyasta mata hotuna 1,550 a caji ɗaya, ƙananan marasa madubi kuwa da yawansu a ɗari uku zuwa huɗu suke tsayawa. Idan bidiyo na cikin niyyarka, ɗauki marar madubi. Idan hoto ne zalla kuma aljihu bai yi nauyi ba, DSLR ta hannu ba abin rainawa ba ce.

In ta hannun za ka saya, ka duba adadin hotunan da shotarta, wato ƙyauren da ke buɗewa ya rufe idan an danna, ta ɗauka, domin ƙananan DSLR galibi a kan kimanin 100,000 ake ƙiyasta ƙarkonta. Ka haska fitila a cikin lens ɗin ka tabbatar babu fumfuna ko tsagewa, sannan ka riƙe kyamarar a hannunka na ɗan lokaci ka ji ko yatsunka suna kaiwa ga maɓallan ba tare da wahala ba. Idan ka faɗa mini ko hoton mutane kake so, ko na tsuntsaye, ko na wasanni, zan iya gaya maka lens ɗin da za ka fara da shi.