Na ɗaura ma kwale-kwalena tamfol, yanzu neman kifar da ni yake

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba, barka da aiki. Ni matashi ne daga Daura, ina da ɗan kwale-kwale na katako da na saya hannun wani masunci a dam ɗin Sabke, tsawonshi ƙafa 14 faɗinshi kamar ƙafa 2 da rabi. Na ga bidiyon jiragen nan masu tafiya da iska ba inji, shine na samo gora mai ƙafa 16 na kafa a tsakiya na ɗaura mata tamfol ƙafa 12 da 10. Gudu kam yana yi, amma in iska ta taso sai ya kwanta kamar zai kife, sau biyu ruwa na shigowa ta baki, kuma baya zuwa inda nake so, a kaikaice yake tafiya kamar ƙaguwa, dawowa kuwa sai na naɗe tamfol na ɗauki filafili. Wani abokina yace in sa buhun yashi biyu a ciki zai zauna daram. Me zan ƙara mashi da kayan da zan samu nan kusa ba tsada?

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanena. Kafin komai, buhun yashin nan kar ka kuskura, ka gaida min abokin naka kace Baba yace a'a. Manyan jiragen da ake sa ma nauyi, can ƙarƙashin ruwa nauyin yake rataye kuma samansu a rufe yake, ko sun kwanta ruwa baya shiga. Naka a buɗe yake kamar akushi. Jirgin katako ko ya cika da ruwa yakan tsaya sama-sama mutum ya samu abin kamawa, amma ka loda mashi yashi kilo 100, ranar da ya sha ruwa ƙasa zai yi kai tsaye ya bar ka a tsakiyar dam ba abin riƙewa.

Ni kafinta ne, na yi shekaru ina aikin jirage a wajen Yauri kafin na dawo gida Katsina, kuma irin abin da ka yi nima na yi shi da ƙuruciya har ya wanke ni tas gaban mutane, saboda haka ba dariya nake maka ba. Amma gaskiya tamfol ɗinka ya yi ma jirgin yawa, nesa ba kusa ba. Ƙafa 12 da 10 ai murabba'in ƙafa 120 kenan, wajen murabba'in mita 11. Akwai wani ɗan jirgi da ake koya ma yara tuƙi da shi a duniya, Optimist, wani mutumin Amurka Clark Mills ya zana shi a 1947, faɗinshi ya haura ƙafa 3 da rabi wato ya fi naka faɗi, amma ƙyallen da ke kanshi murabba'in ƙafa 35 ne kacal. Kai ka ɗora fiye da ninki ukun wannan a kan jirgin da bai kai shi faɗi ba, Allah ne kawai ya tsare.

Ita iska wani lissafi gareta da mutane basu lura da shi. In gudunta ya ninka biyu, ƙarfin da take tura tamfol ninki huɗu yake yi. Iska mai gudun kilomita 18 a awa, irin wadda ke kaɗa ganyen bedi ka ji daɗi, tana tura tamfol ɗinka da abin da bai fi kilo 17 ba, shi yasa ka ga abin na tafiya lafiya har kana murna. Tana kai kilomita 36 ya koma wajen kilo 70, kuma ba a ƙasa take turin ba, can sama da kanka ne, kamar a ce ƙaton mutum ya kama gorar daga sama yana fizga gefe. Ka ɗauki kwalbar lemo ka tura ta daga gindi za ta zame ne kawai, ka tura daga wuya ka gani.

To almakashi za ka fara ɗauka. Ka rage gorar ta dawo ƙafa 9 ko 10, tamfol kuma ka yanke shi mai kusurwa huɗu, gefen da ke bin gora ƙafa 6, ƙasa ƙafa 6, sama ƙafa 4 da rabi, zai baka wajen murabba'in ƙafa 30 da ɗoriya. Kusurwar sama ta waje wata siririyar gora ce za ta tokare ta a karkace, gindinta a rataye da igiya jikin babbar gorar, in iska ta yi yawa ka zare siririyar nan kusurwar ta faɗo tamfol ya ragu kusan rabi nan take. Ka kai ma masu ɗinkin tamfol a kasuwa su kalmashe bakin da igiyar nailan a ciki, kowace kusurwa a ninka ƙyalle uku don nan yake fara yagewa. Ka ce su ɗan kama shi a kusurwar ƙasa ta wajen gora kamar yadda tela ke kama riga, ya ɗan yi tumbi, shimfiɗaɗɗe kamar tabarma baya ja da kyau in kana yankar iska. Kuma rana na cin tamfol, in ka gama ka naɗe ka kai inuwa.

Baka faɗa min yadda ka kafa gorar ba, amma ina zargin ƙusa ka buga ko ka ɗaure da igiya ta ko'ina. Abin da ake yi, guntun katako mai kauri za ka kwantar a ƙasan jirgi ya hau kan haƙarƙari biyu, a fafe mashi rami daidai gindin gora, sannan a sama ka gitta falanki daga baki zuwa baki ka ɗaure da noti, ka huda shi gorar ta wuce ta ciki. Shikenan, ba ƙusa ba igiya, in ka ga hadari ka zare ta kamar an zare taɓarya daga turmi ka kwantar. Kuma ka matso da ita gaba, wajen ƙafa 4 daga goshin jirgi, tsakiya nan wurin zamanka ne.

Sai maganar tafiyar ƙaguwa, nan ne inda yawanci ake rasa gane kan abin. Ƙasan kwale-kwale sumul yake, ba abin da ke riƙe ruwa, iska in ta bugo daga gefe sai ya zame kamar faranti a kan tebur. Kana buƙatar allo da zai nutse cikin ruwa a tsaye, yana yanka ruwa ta gaba cikin sauƙi amma ya ƙi tafiya ta gefe. Falanki mai ƙwari kaurin inci 1, faɗin ƙafa 1, tsawon da zai sa ƙafa 2 su shiga ruwa, maɗaci in ka samu ya fi. Ka goge bakin gaba ya yi kumburi kamar bayan cokali, na baya ka fiƙe shi siriri, ka shafe shi da fenti mai mai sau biyu ko uku. Wasu suna huda tsakiyar jirgi su yi ma allon akwati, ni bana ba mai koyo wannan shawara, ka huda jirgin da ke lafiya ka jawo ma kanka yoyon da kwalta ba za ta tsaida ba. A gefe za ka rataye shi, a jikin wani katako da ka gitta, da noti ɗaya tal mai kauri da wosha manya ciki da waje, ka ɗaure yadda hannu zai iya juya shi amma ruwa ba zai ɗaga shi ba. Dalilin noti ɗayan, dam ɗinmu cike suke da kututture da tudun yashi da ba a gani, in allon ya daki abu sai ya ɗago baya da kanshi, in a kafe yake kuwa ko ya karye ko ya ɓalle maka gefen jirgi.

Inda za ka sa shi ma akwai dabara. Ka samu kwali ka yanka siffar tamfol ɗinka ƙarama, inci 1 a madadin ƙafa 1, ka ɗora a kan tsinin biro kana matsawa har ya tsaya bai faɗi ba, ka yi alama. Nan ne cibiyar tamfol, allon kuma ƙarƙashin wannan cibiyar zai zauna. Kar ka huda komai tukuna, ka fara ɗaure katakon da igiya ka shiga ruwa. In ka ji goshin jirgi na ta juyawa da ƙarfi wajen da iska ke fitowa, matsar da allo baya kamar taƙi ɗaya. In gudun iskar yake yana juya mata baya, matso da shi gaba. Ka bar shi yana ɗan son fuskantar iska kaɗan, don ranar da abu ya kuɓuce maka jirgin zai juya ya tsaya da kanshi tamfol na kaɗawa, maimakon ya kwashe ka a guje.

Sitiyari kuwa kar ka wahalar da kanka yanzu, filafilinka mai tsawo ka ɗaure a baya da robar tib ya isa.

Da allon nan za ka iya dawowa ba tare da ka naɗe tamfol ba, amma kar ka sa rai za ka nufi iska ido da ido, babu jirgin iska da ke yin haka. Jirage masu kyau suna yankarta da kusurwar digiri 45, namu na gida in ya samu 60 an gode Allah. Sai dai ka yi ta yanka dama ka juyo ka yanka hagu kamar mai hawan dutse da jaki, kuma a digiri 60 tafiyar kilomita 1 sai ka yi 2 kafin ka isa.

Duk da ka rage tamfol, ƙafa 2 da rabi siriri ne, saboda haka ni da nawa ne sai na yi mashi ƴan rakiya. Fayif ɗin roba na inci 6 irin na masu aikin famfo, ƙafa 10, a toshe bakin biyu da murfinshi da gam. Cikinshi na ɗaukar wajen lita 50, kowace lita ta iska kuma kilo 1 take ɗagawa a ruwa, in ka cire nauyin fayif ɗin kana da kilo 40 da wani abu suna tokare ka. Kafin ka toshe ka cusa mashi robobin lemo da ba komai ciki murfinsu a ɗaure, ko ya tsage ba zai cika da ruwa ba. Sanduna biyu na itacen turare za ka gitta kan jirgi, fayif ɗin ya zauna ƙafa 3 zuwa 4 daga jiki, gabanshi ya ɗan ɗaga sama da baya don kar ya riƙa nutsa kai. Ɗaurin da igiya da robar tib za ka yi, ƙusa bata jure girgiza, tana faɗaɗa raminta a hankali har ta fita. Ka shafa ma fayif ɗin farin fenti, rana na sa shi ya yi gautsi. Ɗaya dama ɗaya hagu ya fi ma mai koyo. Na san masunta basu son shi don yana hana jefa birgi da jawo koma, gaskiyarsu ne, amma kai ba su ka ce kana yi ba, in ma za ka yi ai kwancewa ake.

Cikin jirgin kuma jarka 25 lita guda biyu ko uku, ba komai ciki, murfi a ɗaure da leda, ɗaya a goshi sauran a baya ƙarƙashin benci. A ɗaure su tam, jarkar da ba a ɗaure ba ita ke fara guduwa ta bar ka. Ka yanka galan ka yi abin kwarfar ruwa shima ka ɗaure da igiya. Sannan ka kai jirgin inda ruwa ke iya ƙugu, da mutum biyu a kusa, ka cika shi da ruwa da gangan ka ga yadda zai tsaya da ko za ka iya kwarfewa ka hau. Kar dai ka daɗe a jiƙe cikin ruwan gefe mai ciyayi, nan tsargiya take.

Abin da ya kifar da ni wancan lokacin ba komai bane illa igiyar da ke riƙe ƙasan tamfol, hannuna ya gaji na ɗaure ta a benci don in ɓare goro, iska ta bugo sau ɗaya, kafin in kai hannu ga ƙullin na tsinci kaina cikin ruwa hulata na yawo. Igiyar nan a hannu take zama, in jirgi ya fara kwanciya ka sake ta kawai zai miƙe. In tana cin hannu ka zagaya ta sau ɗaya jikin wani turke ka riƙe bakin, amma banda ƙulli. Kuma a ƙasan jirgi ake zama, ɓangaren da iska ke fitowa.

Rigar ruwa mai hana nutsewa dole ce ko ka iya iyo kamar tarwaɗa. Kuma jirgin nan na mutum ɗaya ne, in ya yi yawa biyu, na san in yaran gari suka ga tamfol na tafiya za su yi ta roƙo a ɗana su, ka tuna jirgin da ya kife a Bagwai ƙarshen Nuwamban 2021 da ɗaliban Islamiyya, ka ce masu a'a ko za su ji haushi.

Lokacin gwaji, iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa kuma ta fi ƙarfi da hantsi, to ka bari sai bayan la'asar ta lafa ka yi gwajin farko, ka fita kafin magariba. Ka fara nufar wajen da take fitowa, don in ka gaji ita za ta maido ka gida. Da damina kuwa idonka na gabas, da ka ga hadari ya haɗo ka zare gora ka yi gaɓa, iskar da ke riga ruwan zuwa ko ɗan tamfol ɗin nan ba zai ɗauke ta ba. Ka je ka gaida sarkin ruwan wurin ya nuna maka inda kututture suke da inda aka shimfiɗa taru da mamari, allon nan naka na kwasar raga, kar ka ja ma kanka biyan kayan mutane.

In ka yanke tamfol ɗin ka auno min tazarar da ke tsakanin gora da allo, da kuma wajen da goshin ke juyawa in ka saki filafili, sai in faɗa maka taƙi nawa za ka matsar.