Amsa ga mai neman kamfanin gas da wuta mafi sauƙi a Ingila

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da sanyi, ya iyali? Ka ce wata biyar ke nan da kuka tare a Bradford, a gidan haya mai ɗaki biyu cikin tsofaffin gidajen nan masu manne da juna, kai da uwargida da yara biyu. Kamfanin da ke ba ku gas da wuta ya ɗaga abin da yake cira a banki daga fam 140 zuwa 230 a wata, kana neman wanda ya fi sauƙi ka koma.

Sauya kamfani yana rage wani abu, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Gas ɗin da ke shigowa gidanka ta bututu ɗaya yake bi, ko British Gas kake biya, ko Octopus, ko EDF, ko OVO. Ofgem, hukumar da ke kula da kamfanonin gas da wuta, ita ce ke sa iyakar farashi, tun 2019, kuma yanzu tana sauya shi duk wata uku: Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba. Shi ya sa farashin yau da kullum na manyan kamfanonin kusan ɗaya ne. Iyakar nan a kan kuɗin yunit ɗaya take, da kuɗin da ake caja kowace rana. Ba ta hana bil ɗinka hawa idan ka sha da yawa.

Fara da mita kafin komai. Fam 230 ɗin nan ƙiyasi ne, kamfani ya hango abin da za ka sha a shekara ya raba gida 12. Duba bil ɗinka na ƙarshe, kusa da lambar mita za ka ga ko karatu ne na gaskiya ko na ƙiyasi, galibi da harafin E ake nuna na ƙiyasi. Idan ba ka tura musu karatun mita ranar da ka shiga gidan ba, mai yiwuwa da lissafin wanda ya tashi suke auna ka, ko ma an haɗa maka da ragowar abin da ya sha. Nemo hoton mita na ranar tarewa, ko takardar kayan gida da dillalin haya ya ba ka, yawanci akwai lambar a ciki. Tura musu ita tare da ta yau, ka ce a sake lissafi. Daga nan ka riƙa turawa duk wata a rana ɗaya, sai dai in mitarka mai aika karatu da kanta ce. Ita ma a duba, don takan daina aikawa ba wanda ya sani.

Mitar gas ba da yunit ɗin bil take ƙirga ba. Idan an rubuta m3 a jikinta, kowace lamba ɗaya kusan kWh 11.2 ce, kWh shi ne yunit ɗin bil. Wato in ta tafi 100 a wata, ka sha kWh 1,120, wajen fam 70 ke nan a farashin kwabo 6.3. Tsohuwar mita mai ft3 kuwa, sai ka fara ninka lambar da 2.83. Akan samu gidan da aka canza mita amma kamfani na lissafi da tsohon ma'auni, bil ya ninka kusan sau uku. Ka tabbata abin da ke jikin mita shi ne a takarda, har da lambar mitar kanta.

To, sai kwatanta kamfanoni. Kada ka kwatanta da abin da za su riƙa cira a wata, domin kowa na iya rubuta maka ƙaramin adadi yau, bayan wata huɗu ya ce ana bin ka bashi. Abu huɗu za ka duba: kuɗin yunit na gas, na wuta, da kuɗin kullum na kowannensu. A 2025 wuta tana tsakanin kwabo 25 zuwa 27 a yunit, gas kwabo 6 zuwa 7, kuɗin kullum na biyun a haɗe ya haura fam 300 a shekara ko da ba ka kunna komai ba, kuma yana bambanta daga yanki zuwa yanki. A bil akwai wurin da aka rubuta kWh nawa ake sa ran gidan zai sha a shekara. Ma'aunin da Ofgem ta ɗauka a 2023 na matsakaicin gida shi ne 11,500 na gas da 2,700 na wuta.

A ce naka 12,000 ne da 2,800. Gas a kwabo 6.3 ya kama fam 756. Wuta a kwabo 26, fam 728. Kuɗin kullum kwabo 87 sau 365, fam 318. Jimla kusan fam 1,800, wato 150 a wata. Idan lissafinka ya fito haka kuma ba bashi a kanka, kana da damar kiran su ka ce su yi maka bayanin 230, su rage. Sai dai ka tuna kun shiga gidan dab da sanyi, ba ku tara rarar lokacin zafi ba, kuma mafi yawan gas ɗin shekara tsakanin Nuwamba da Maris ake shan sa. Wannan kaɗai na iya sa su ɗaga.

Da waɗannan lambobin za ka shiga shafukan kwatanta farashi irin Uswitch ko MoneySuperMarket ko MoneySavingExpert. Shigar da kWh, kada ka shigar da fam. Ka latsa wurin da ke nuna dukkan kasuwa, domin wasu shafukan suna fara nuna waɗanda ke biyan su kamasho. Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara kyauta, tana fitar da jerin kamfanoni bisa yadda suke kula da masu hulɗa da su, ka leƙa, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Farashin da ake ƙullewa na shekara ɗaya yana da amfani idan ya yi ƙasa da iyakar Ofgem ta lokacin, ko kuma kana son sanin inda ka dosa. Yunit ake ƙullewa, ba bil ba. Duba kuɗin fita kafin ka sa hannu, musamman tunda haya kake, ka tambaye su ko za ka iya tafiya da yarjejeniyar in ka tashi. A kwana 49 na ƙarshenta ba a cajin kuɗin fita. Sauyawa kwana biyar na aiki take ɗauka, kana da kwana 14 na janyewa, kuma ba a ɗauke wuta ko minti ɗaya. In dai sunanka ne a bil, kana da ikon sauyawa, sai dai ka sanar da mai gida. Bashin da ya wuce kwana 28 kuwa na iya sa tsohon kamfani ya hana ka tafiya. Wasu na tsoron ƙananan kamfanoni saboda da yawa sun durƙushe a 2021, har da Bulb da Octopus ta karɓa daga baya. In hakan ta faru Ofgem ce ke miƙa ka ga wani, kuma rarar kuɗinka ba ta salwanta.

Amma ka lura da wannan. Kamfanin da ya rage maka rabin kwabo a yunit ɗin gas ya tsirar maka da fam 60 a shekara. Hita mai amfani da wuta mai kilowat 2, irin wadda mutanenmu ke saye a makon farko na sanyi, tana cin kwabo 52 a awa in yunit kwabo 26 ne. Awa shida kullum, fam 94 a wata. Wuta ta ninka gas tsada kusan sau huɗu, saboda haka kashe boila, wato na'urar gas mai ɗumama gida da ruwa, a kunna hita biyu don tsimi asara ce. In akwai ta a gidan, ita zan fara tuhuma. Bargon lantarki kuwa bai fi kwabo biyu zuwa uku a awa ba, ga manya, ba ga jariri ba.

Boilar ita ce ke buƙatar ka tsaya a gabanta. In kombi ce, wato babu tankin ruwan zafi a gidan, za ka ga maɓalli biyu, ɗaya da hoton famfo, ɗaya da hoton radiyeta, ƙarfen jikin bango da ke ɗumama ɗaki. Na radiyetan sau da yawa a digiri 75 ko 80 ake barin sa. Sauko da shi zuwa 60. Boilolin zamani suna tatsar zafi daga tururin hayaƙinsu ne kawai idan ruwan da ke dawowa ya yi ƙasa da kimanin 55, in ya fi haka zafin ta bututu yake fita waje. Ɗakin zai ɗan jima kafin ya ɗumama, sai ka sa ta tashi minti 30 kafin asuba. In akwai tanki, a bar ruwan tankin a 60 saboda ƙwayoyin cuta da ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi-ɗumi. Allurar matsi ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 lokacin da boila ta huce.

Na'urar auna zafin da ke bango, tamostat, a ajiye ta tsakanin 18 da 21. Murɗa ta zuwa 30 ba ya sa gida saurin ɗumi, sai dai boila ta ƙi tsayawa. Kada a sauka ƙasa da 18 a inda ake zama, musamman da yara ko tsoho ko mai asma. Ɗakin jariri 16 zuwa 20. Kan kowace radiyeta akwai lamba 1 zuwa 5: falo a 3, ɗakin kwana a 2, wanda ba kowa a 1, kada a kashe gaba ɗaya don bango zai jiƙe. Taɓa radiyeta da hannu. Ƙasa zafi sama sanyi, iska ce a ciki: kashe boila, sa ɗan makullin nan a kusurwar sama, riƙe tsumma, murɗa kaɗan har iska ta gama fita ruwa ya ɗigo, ka rufe, sannan ka duba allurar matsi. Sama zafi ƙasa sanyi kuwa, laka ce ta taru, aikin mai gida ne. A janye kujera daga gabanta, labule kuma kada ya sauko ya rufe ta.

Tsofaffin gidajen Bradford na dutse ne, da yawa bangonsu guda ne ba rata a tsakiya, zafi na fita da sauri. Da dare ka bi ƙofofi da tagogi da bayan hannu a jiƙe, za ka ji inda iska ke shigowa: ƙasan ƙofar waje, ramin wasiƙa, ƙofar ɗakin ƙasa, tsohon murhun bango. Robar liƙawa ta 'yan fam kaɗan da labule mai kauri sun isa. Ramukan shan iska na bango da na kicin kuwa, kada a toshe su. Shanya a kan radiyeta da tururin girki su ke kawo baƙin funfuna a kusurwa. A yi shanya a ɗaki ɗaya, ƙofa rufe, taga a ɗan buɗe, a rufe tukunya in ana dahuwa. Funfunar nan ce ta yi ajalin wani yaro ɗan shekara biyu a Rochdale a 2020, don haka in ta bayyana ka rubuta wa mai gida da hoto. Takardar EPC ta gidan, wadda ke nuna matakinsa wajen tsimin makamashi, tana shafin gwamnati kyauta, kuma doka ba ta yarda a ba da hayar wanda ya gaza matakin E ba, sai da keɓewa ta musamman.

Don Allah a kiyaye wannan. Kaskon garwashi da muka saba jin ɗumi da shi lokacin hunturu a gida ba ya shiga ɗakin Ingila. Can iska na shiga ta ko'ina, nan taga a liƙe take. Gawayi na fitar da iskar guba marar wari marar launi, mutum ya ji ciwon kai da jiri da barci, ya kwanta bai tashi ba. Haka buɗe oban ko kunna murhun girki don ɗumama gida. Wajibi ne mai gida ya sa ƙararrawar wannan iska a inda boila take, ya kawo injiniya mai rajistar Gas Safe duk shekara, ya ba ka takardar. In ka ji warin gas, buɗe tagogi, kada ka taɓa makunnin wuta, ku fita, ka kira 0800 111 999.

Batun tallafi, Warm Home Discount rangwamen fam 150 ne a bil ɗin wuta, amma ta kan masu karɓar tallafin gwamnati irin Universal Credit ake bi. Idan bizarka ta hana ka kuɗin gwamnati, kada ka cika wani fom sai ka tambayi Citizens Advice. Priority Services Register, rajistar masu buƙatar ƙarin kulawa daga kamfani, kyauta ce, mai yaro ƙasa da shekara biyar ko mai ciki a gida ya cancanta, ta wurin kamfaninka ake shiga. In biyan ya gagara, kira su tun kafin bashi ya taru, dole su tsara maka biya daidai ƙarfinka. Kada ka soke cirewar banki kai kaɗai, don biya bayan bil ya zo ya fi tsada. In ka kai ƙorafi aka yi mako takwas ba a warware ba, sai Energy Ombudsman, ofishin da ke raba gardama tsakaninka da kamfani, ba a biyan ko kwabo.

Ka ɗauki hoton shafi na biyu na bil ɗin da fuskar boilar, ka rufe suna da adireshi da lambar asusu, ka turo. Ka kuma rubuta karatun mita biyu yau da dare, da na dare bakwai masu zuwa, mu lissafa tare.