Tambaya da Amsa: Me Ya Haɗa Garkuwar Jiki da Tsirowar Sababbin Jijiyoyin Jini?

Tambaya: Malam, an koyar da mu cewa aikin garkuwar jiki shi ne yaƙi da ƙwayoyin cuta. To, ta yaya kuma ake cewa tana da hannu a tsirowar sababbin jijiyoyin jini? Daga wata ɗalibar kimiyyar lafiya.

Amsa: Malama, a jikin tantanin garkuwa (wato ƙwayoyin halittar da ke kare jiki), har ma da waɗanda suka shimfiɗe cikin jijiyoyin jini, akwai wasu furotin masu gadi da ake kira TLR, kuma ɗan Adam yana da iri 10. TLR4, alal misali, yakan gane wani sinadari da ke bangon wasu bakteriya, binciken da ya sa Bruce Beutler ya shiga cikin waɗanda suka ci kyautar Nobel a 2011. Sai dai ba baƙi kaɗai masu gadin suke ganewa ba, domin tarkacen naman jiki da ya ji rauni ma yakan tayar da su.

Inda zancen ya fi armashi shi ne abin da ke biyo baya. Tantani yakan fitar da wasu mitsi-mitsin ƙunsoshi da ake kira eksozom, masu faɗin nanomita 30 zuwa 150 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), waɗanda aka fara lura da su a 1983, aka kuma daɗe ana ɗaukarsu shara. Ashe wasiƙu ne, ɗauke da furotin da gutsattsarin RNA, sinadarin da ke ɗauke da umarnin ƙwayar halitta. Da zarar an taɓa TLR, sai abin da tantani yake zubawa a cikin ƙunsoshin ya sauya, wani lokaci har da yawansu. Idan suka isa bangon wata ƙaramar jijiya, tantanin wurin sukan haɗiye su, kuma idan saƙon na tsiro ne, sai su sassauta riƙon da suka yi wa juna, su narkar da shimfiɗar da ke ƙarƙashinsu, guda ɗaya ya yi gaba yana laluben hanya, na bayansa suna hayayyafa har su zama bututun da jini zai bi. Sabon naman nan ja da ake gani a kan miki mai warkewa, waɗannan jijiyoyin ne suka ba shi launinsa.

Abin takaici, ciwon daji ma da wannan hanyar yake cin abinci. Tun 1971 Judah Folkman ya kawo hujjar cewa ƙari ba ya wuce milimita ɗaya zuwa biyu sai ya samu jijiyoyin kansa, kuma daga baya an gano cewa ƙunsoshin da ƙarin yake fitarwa suna iya tayar da TLR a tantanin garkuwa, su haddasa kumburin da zai amfane shi. Maganin bevacizumab, wanda Amurka ta amince da shi a 2004, furotin ɗin VEGF, mai sa jijiyoyin jini su tsiro, yake toshewa, amma an nuna a gwajin ɓeraye cewa TLR2 yana iya tsirar da jijiyoyi ba tare da VEGF ba. A ganina, wannan ne ya sa bincike a kan eksozom ya cancanci kulawa, ko da yake amfani da su a matsayin magani yana matakin gwaji tukuna.